Yadda Ake Gyara Ralantin Tsohuwar Mota Mai Injektar, da Yadda Ake Sa Mata Sabuwar Ƙwaƙwalwa In Ta Kama

Motocin da suka cika titunan Maradi, irin su Corolla, Carina E, Starlet, Peugeot 406, Opel Astra da Golf 3, akasarinsu ƙirar shekarun 1990 ne zuwa farkon 2000. Sun sha rana, sun sha ƙurar hunturu, da yawa kuma sun sha man kwalba na ƴan ruwa-ruwa. Cikin ciwon da ya fi kawo su gareji akwai ralanti, wanda ƴan Katsina da Kano ke kira silo: mota tana tsaye, ƙafa ba ta kan totur, amma allurar gudun inji na hawa tana sauka, ko inji ya yi ta kakkarwa, ko ya mutu da an kunna kilim (na'urar sanyaya mota).

Yanzu ana samun ƙwaƙwalwar inji wadda ba ta kamfanin motar ba, wadda ake saitawa da kwamfuta. Tana gyara ralanti ƙwarai in an sa ta a inda ya dace. Sai dai ba ta liƙe tsagaggen tiyo, ba ta wanke bawul, ba ta ƙara wa mataccen fanfon mai ƙarfi. Wanda ya ɗora ta a kan injin da ba a bincika ba ya yi asarar kuɗin mai mota, ciwon kuma yana nan. Shi ya sa matakai 8 na farko duk bincike ne, kuma yawancin motoci a nan suke warkewa.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

A ralanti marfin totur (papiyon) a rufe yake. Iska na zagayawa ta wata ƴar hanya da ke gefensa, kuma bawul ɗin ralanti ne ke buɗe ta ko ya tsuke ta bisa umarnin ƙwaƙwalwa, wadda muke kira kalkilatar. Kafin ƙwaƙwalwa ta ba da umarni daidai sai ta san abu 4: cewa totur a rufe yake, zafin ruwan inji, yawan iskar da ke shiga, da gudun inji. In ɗaya daga cikinsu ya yi mata ƙarya, ita ma za ta yi wa inji ƙarya. Lafiyayyen inji mai silinda 4, in ya ɗau zafi, yana zama tsakanin juyi 650 da 850 a minti. Da sanyin safiya yakan fara daga 1100 zuwa 1500, ya riƙa sauka a hankali.

Kayan aiki

Na bincike: mitar auna wuta mai lamba (miltimita), na'urar karanta laifi ta OBD2 (ƙaramar ELM327 da wayar hannu ta isa), agogon auna ƙarfin mai, agogon auna kwamfireshan, fitilar taimin, gwangwanin feshin wanke kafireto, feshin wanke soket, tsohon buroshin haƙori, tsumma marar zare, sabon tiyon iska kamar mita 2, sabon gaskit na bakin totur, makullai 8, 10, 12 da 14, da abin kashe gobara a kusa da hannu.

Na sa sabuwar ƙwaƙwalwa: ita ƙwaƙwalwar, kwamfutar hannu mai batir mai rai, manhajar TunerStudio, sansar salansa mai faɗin awo (ƴar na'urar da ke auna haɗin iska da mai daga hayaƙi, Bosch LSU 4.9) tare da akwatinta, zanen wayoyin motar, ƙarfen dalma, dalma, robar da ke tsukewa da zafi, waya mai sulke, rele da fiyus, da wata matacciyar ƙwaƙwalwa irin ta motar don a cire bakin soket ɗinta.

Mataki na 1: Saurari ciwon kafin ka ɗauki makulli

Tambayi mai mota yaushe abin yake faruwa, sannan ka tada inji da sanyinsa ka tsaya a kai har fanka ta kunna. Kowane hali da inda yake nuni:

Allura na hawa 1500 ta faɗo 900 ta sake hawa, kamar ana numfashi: iska ce ta yi yawa. Ƙwaƙwalwa ta ga totur a rufe amma inji na gudu, sai ta ɗauka gangara ake, ta yanke mai. Inji ya faɗo, ta mayar da mai, ya sake tashi. Nemi inda iska ke satar shiga, ko bawul da ya maƙale a buɗe.

Inji na mutuwa in an saki totur ko an kunna kilim: datti ya tsuke hanyar iska, ko bawul ya maƙale a rufe.

Ralanti ya tsaya sama ba ya sauka, salansa na baƙin hayaƙi: ƙwaƙwalwa na zaton inji bai ɗau zafi ba.

Allura ba ta motsi sosai amma jikin mota na girgiza: silinda ɗaya ba ta ci. Wannan ba aikin bawul ba ne, buji ne ko injektar ko kwamfireshan.

Mataki na 2: Karanta lambobin laifi

Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da soket ɗin OBD2 mai rami 16 a ƙasan sitiyari. P0505 na nuna tsarin ralanti, P0171 na nuna mai ya yi kaɗan a kan iska, P0300 zuwa P0304 na nuna silinda na tsallake, P0115 sansar zafin ruwa, P0120 sansar totur. A tsofaffin Toyota da ba su da wannan soket, buɗe ƙaramin akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS a kansa a ɗakin inji, ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka buɗe makulli ba tare da ka tada ba, ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. In fitilar ba ta kamawa sam, to wani ya cire ƙwanta don ya ɓoye laifi lokacin saye. Mayar da shi.

In na'urarka na nuna gyaran mai da ƙwaƙwalwa ke yi (STFT da LTFT), duba su a ralanti, sannan a juyi 2500. In jimillarsu ta haura kashi 10 cikin 100 a ralanti amma ta sauko da ka taka, iska ce ke sata. In kuwa ƙaruwa take da ka taka, mai ne bai isa ba. Lamba tana nuna maka unguwa ce kawai, ba ta nuna gida. Kada ka sayi sansa don lamba ta ambaci sunanta, sau da yawa wayarta ce ta tsinke.

Mataki na 3: Wuta da mas

Inji na aiki, auna kan batir: volt 13.8 zuwa 14.4. Kunna fitilu da fankar ciki. In ya faɗi ƙasa da 13, dinamo ya gaji. Sa mita tsakanin ƙafar mas ta batir (mai alamar -) da jikin inji: kada ta wuce 0.2. Kwance wayoyin mas da ke ɗaure a jikin manifol ko kan inji, ka kankare su har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure. A motar da aka taɓa sauke wa inji, duba ko ba a manta da ɗaya tana lilo ba.

Mataki na 4: Nemi iskar ɓarauniya

Zafin Afrilu da Mayu na gasa roba har ta bushe ta tsage, kuma tsagar takan ɓuya a ƙasan tiyo ko a cikin lanƙwasar babban tiyon da ya taso daga filtar iska. Cire kowane tiyo ka lanƙwasa shi a hannu ka gani. Kada ka manta da na birki mai zuwa babbar tukunyar bayan feda, da na numfashin inji da ya fito daga marfin bawuloli, da na kan regilatar mai (abin daidaita ƙarfin mai). In ka cire na regilatar ka tarar da fetur a ciki, fatarsa ta fashe, mai na kwarara cikin manifol ba da lissafi ba.

Sannan, inji na ralanti, matse kowane tiyo da filaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka matse ralanti ya daidaita, laifin na bayansa. Don gaskit ɗin manifol da robobin gindin injektar, fesa ɗan feshin kafireto a gurin. In muryar inji ta sauya, ka samo. Wannan feshi yana kama wuta. Kada ka yi shi kusa da delko ko wayar buji mai tartsatsi, kada ka yi shi a kan salansa mai zafi. In ba ka da abin kashe gobara, fesa ruwan sabulu maimakonsa. Ya fi jinkirin nunawa amma ba ya ƙona mota.

Kada ka naɗe tsagaggen tiyo da salatif. Mako 2 cikin zafinmu zai saki.

Mataki na 5: Wanke bakin totur da bawul ɗin ralanti

Cire bakin totur gaba ɗaya, kada ka wanke shi a jikin inji, don dattin zai gangara ciki. Baƙin danƙon da za ka gani a gefen marfi haɗin ƙura ne da tururin baƙin mai, kuma shi ne ke cinye ƴar hanyar iskar. Wanke da feshi da buroshi har ka ga ƙarfe.

Bawul ɗin da aka fi samu iri 3 ne, ƙirga wayoyinsa za ka gane. Mai waya 4, wanda ake samu a Opel da Peugeot da yawa, ɗan mota ne mai tafiya taki-taki yana tura wani kai mai tsini. Wanke tsinin kawai, kana riƙe da shi kai ƙasa don kada ruwa ya shiga cikinsa. Kada ka tura tsinin ko ka ja shi da hannu, kada ka ba shi wutar batir kai tsaye. Kowane naɗi nasa yana auna wajen om 50. Mai waya 3 na tsofaffin Toyota ƴar ganga ce mai juyawa: cire kan lantarkin, ka wanke gangar har ta riƙa juyawa da ɗan yatsa ba maƙalewa, daga ƙafar tsakiya zuwa kowace ta gefe wajen om 20 ne. Mai waya 2 na Bosch shi ma a wanke shi, a girgiza a ji yana motsi.

A Toyota da Honda ruwan lagireto na bi ta jikin wannan bawul ta ƙananan tiyo 2. In an toshe su, ko ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga, ralanti zai yi ta hawa da sauka ko da komai sabo ne. Cika ruwa, ka fitar da iska.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne juya ɗan sukurun da marfin totur ke jingina a kai, ko a ɗaure wayar totur tamau, wai don a ɗaga ralanti. Da ka yi haka marfi ya daina rufewa, sansa ta daina faɗa wa ƙwaƙwalwa cewa an saki totur, ita kuma ta daina kula da ralanti ɗungurungum. Wayar totur tana son ɗan sassauci. In ka tarar an riga an taɓa sukurun, sassauta shi har marfi ya rufe ruf, ka juyo shi har ya taɓa, ka ƙara ɗan kaɗan yadda marfi ba zai cije a jikin bango ba, sannan ka sake saita sansar totur.

Bayan ka mayar da komai da sabon gaskit, cire kan batir na minti 5, ka mayar, ka bar inji ya ɗau zafi ya yi minti 10 ba kilim ba fitila, sannan minti 5 da su. Motocin da ba su da wayar totur, masu marfin lantarki, ba su da wannan bawul. Su kada ka danna marfinsu da ƙarfi, kuma wasu sai an koya musu sabon matsayi da na'ura.

Mataki na 6: Sansa ɗaya bayan ɗaya

Fara da tamosta, don a garin nan an saba cire ta a jefar, a ɗaure fanka kai tsaye, da sunan ƙasarmu zafi ne. Sakamakonsa inji ba ya kaiwa zafin aikinsa na digiri 80 zuwa 90, musamman da hunturu ko a doguwar hanya irin ta Damagaram, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta zuba mai irin na safiya tana riƙe da ralanti sama. Mayar da tamosta, ka gyara fanka ta riƙa kunna kanta. In mota na zafi, lagireto ne ya toshe. Shi za a wanke.

Sansar zafin ruwa ta ƙwaƙwalwa ita ce mai waya 2, ba mai waya 1 ta allurar gaban direba ba. A digiri 20 tana auna om 2000 zuwa 3000, a digiri 40 wajen 1200, a digiri 80 wajen 300.

Sansar totur tana karɓar volt 5. Wayar amsa na nuna wajen 0.5 in totur a rufe, ta hau sumul har wajen 4 ko 4.5 in an buɗe duka. Buɗe a hankali kana kallon mita. In lamba ta yi tsalle ko ta ɓace a wani guri, ta cinye. A tsofaffin Toyota akwai ƙafa ta 4, IDL, wadda dole ta haɗu da E2 in totur a rufe, ta rabu da an ɗan buɗe.

Injin 4A-FE da 4E-FE suna auna iska ne da sansar MAP, mai ɗan tiyo zuwa manifol. A ralanti tana nuna matsin iska kPa 30 zuwa 40. Injin 1ZZ-FE kuwa MAF gare shi, mai siririyar waya a bayan filtar iska. Ƙura na rufe wannan waya, musamman in filta ta huje ko ana ta bugun ta da iska maimakon a sauya. Fesa mata feshin soket daga nesa, kada ka taɓa ta da komai, ka bar ta ta bushe.

Sansar salansa ta asali, in inji ya yi zafi kana riƙe da shi a 2500, tana kai-komo tsakanin 0.1 da 0.9, aƙalla sau 8 cikin daƙiƙa 10. In ta tsaya cik ko tana jan jiki, ta gaji.

Mataki na 7: Mai, tartsatsi, kwamfireshan

Yawancin waɗannan motoci na son ƙarfin mai wajen bar 2.5 zuwa 3. Sauya filtar mai in ba a san ranar da aka sa ta ba. Man kwalba yakan zo da yashi da ruwa. Duba buji: launin toka-toka lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan. Tazarar bakinsa 0.8 ko 1.1 na milimita ce bisa ga inji, kuma su zama iri ɗaya duka. Da dare ka ɗaga bonet inji na aiki. In ka ga shuɗin tartsatsi na yawo a kan wayoyi, sun mutu. Sannan ka auna kwamfireshan. In silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, bawul ya ƙone ko zobe ya ci, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta daidaita wannan inji. A nan za ka tsaya ka gaya wa mai mota gaskiya.

Mataki na 8: Buɗe tsohuwar ƙwaƙwalwa

In duk na sama sun fita lafiya, cire ƙwaƙwalwar ka kwance marfinta. A na motocin Japan na shekarun 1990, ƙananan kondansa masu kamar gwangwani sukan tsufa su zubar da ruwansu a kan faranti, ruwan ya cinye layukan tagulla. Za ka ga ƙafarsu ta yi kore ko baƙi, wani lokaci da ƙarni kamar na kifi. Mai gyaran rediyo ko talabijin da hannunsa ya faɗa zai iya sauya su: lambar µF iri ɗaya, volt daidai ko sama, masu jure digiri 105, a kula da ƙafar da ke ɗaukar wuta da ta mas. A wanke farantin da barasar asibiti, a ɗinke layin da ya yanke da siririyar waya. Wannan ne gyara mafi araha a duk aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Mataki na 9: Zaɓen abin da za a sa

In farantin ya wuce gyara, fara neman irinta a gurin masu kayan kwance, nan gari ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Lambar da ke kan takardar jikinta ta zo daidai harafi da harafi. Ta giya otomatik daban, ta giyar hannu daban. In makullin motar mai sirri ne, kamar na 406, ƙwaƙwalwa kaɗai ba za ta tada ba, sai an haɗo da abokan tafiyarta ko an kai wa mai na'urar haɗa su.

Akwai ƙananan akwatuna da ake ratayawa tsakanin sansa da tsohuwar ƙwaƙwalwa, irin su Apexi SAFC. Aikinsu murɗa saƙon iska don a ƙara mai ko a rage. Ba sa tuƙa bawul ɗin ralanti, kuma tsohuwar ƙwaƙwalwa takan goge gyaran da suka yi ta hanyar sansar salansa. Don ralanti, ban ga amfanin kashe kuɗi a kansu ba.

Cikakkiyar ƙwaƙwalwa mai zaman kanta, irin su Speeduino, MegaSquirt, rusEFI, ko masu tsada kamar Haltech da Link, ita ce ke karɓe mai da taimin da ralanti duka. Speeduino, wadda aka gina a kan Arduino Mega 2560, ta wadaci inji mai silinda 4. Tana dacewa in an sauya wa mota inji ba a samo ƙwaƙwalwarsa ba, ko irin ta asali ta ɓace a kasuwa, ko an sauya kamshaf ko injektar. Ba ta dace da motar da ƙwaƙwalwarta ke tuƙa giya otomatik ba, sai dai a bar tsohuwar tana riƙe da giya, kuma wannan ba aikin farawa ba ne. Ka kuma yi wa mai mota bayani tun kafin ya biya: daga ranar, ba kowane gareji ne zai iya taɓa injinsa ba.

Kafin ka yi oda, rubuta abu 4. Irin sansar juyin inji: mai waya 2 ta maganaɗisu tana buƙatar ɗan farantin tace saƙo (MAX9926), mai waya 3 ta Hall ba ta buƙata. Adadin haƙoran da take karantawa: Bosch yawanci 60 ba 2, Ford 36 ba 1, na cikin delko kuwa buɗe ka ƙirga. Awon injektar: om 12 zuwa 16 ana haɗa su kai tsaye, om 2 zuwa 4 sai da razista. Irin bawul ɗin ralanti: mai waya 4 yana buƙatar ɗan farantin DRV8825 a kan Speeduino.

Mataki na 10: Haɗa waya

Kada ka yanka wayoyin mota. Cire bakin soket daga matacciyar ƙwaƙwalwar nan, ka yi dalmar wayoyin sabuwar a ƙafafunsa bisa zane, sai soket ɗin mota ya shiga kamar yadda ya saba. In abu ya rikice, ka zare ka mayar da tsohuwar cikin minti 2.

Mas ɗin sansa duka su koma ƙafar mas ta sansa a jikin ƙwaƙwalwa, kada a haɗa su da na bobin (mai ba buji wuta) ko injektar. Mas ɗin ƙwaƙwalwa ya tafi jikin inji. Saƙon juyin inji ya bi ta waya mai sulke, nesa da wayoyin buji, a ɗaure sulken a mas ta gefen ƙwaƙwalwa kaɗai. Tiyon MAP ya taso daga cikin tukunyar manifol bayan marfin totur, ba daga ƙafar silinda ɗaya ba, in ba haka ba lamba za ta yi ta rawa, ralanti ya bi ta. Sansar salansa a ɗaura ta kafin katalizar, kanta na kallon ƙasa kaɗan don ruwa kada ya kwanta mata. Duk hujin salansa da ke gabanta a yi masa walda, don iskar waje na sa ta faɗi ƙarya. Kada a bar ta cikin salansa inji na aiki ba wuta a jikinta.

Akwatin ya zauna cikin mota, sama da dabe, a rufe. Ƙurar hunturu da ruwan Agusta duk abokan gabansa ne. Kuma kowace mahaɗa a yi mata dalma da roba mai tsukewa. Murɗa waya da hannu shi ne ciwon da zai dawo bayan wata 3 a hanyar Dakoro.

Mataki na 11: Tadawar farko

Cire fiyus ɗin fanfon mai da soket ɗin bobin. Haɗa kwamfuta, buɗe makulli. A injin da ya kwana, zafin ruwa da zafin iska su nuna kusan abu ɗaya da zafin gari. MAP ta nuna wajen 97, don Maradi ta ɗan ɗara bakin teku tudu. Koya wa manhaja matsayin totur a rufe da a buɗe. Shigar da girman inji, adadin silinda da yawan man da injektar ke fesawa a minti. Ita za ta lissafa tushen mai. Lokacin jinkirin injektar fara da wajen 1 na milisakan.

Buga sitata. Allon ya nuna juyi 200 zuwa 300 a tsaye, ba ɓacewa ba tsalle. In yana tsalle kuma sansar mai waya 2 ce, juya wayoyin.

Kafin ka mayar da soket ɗin bobin, tabbatar da saitin fitar tartsatsi ya dace da irin na'urar kunna wutar motar, lokacin cajin bobin kuma wajen milisakan 3. In saitin ya juye, bobin zai zauna da wuta a jiki ya ƙone cikin ƴan mintoci. Buɗe makulli, ka ɗora hannu a kansa. In yana ɗumi inji bai tashi ba, kashe nan take.

Mayar da fiyus ɗin fanfon mai da soket ɗin bobin, kulle taimin a digiri 10 cikin manhaja, ka tada, ka haska fitilar taimin a kan fuli. Gyara kusurwar farawa har alamar ta tsaya a 10. Taka zuwa 3000. In alamar ta gusa, akwai kuskure a saitin sansa. Kada mota ta fita gareji kafin wannan ya zauna, don taimin da ya wuce gona da iri na huda fistan.

Mataki na 12: Saita ralanti

A nan ake gane mai haƙuri. Kuskuren kusan kowane sabon hannu shi ne kunna tsarin da ƙwaƙwalwa ke bin allura da kanta tun farko, alhali mai da taimin ba su zauna ba. Sai bawul da mai su yi ta kokawa, allura na lilo fiye da da.

Bar inji ya yi zafi har fanka ta kunna sau 2. Sa bawul a tsarin buɗaɗɗe, wato lamba ɗaya tsayayya. Mai waya 2 ko 3 yana son a samo masa saurin bugu. Gwada tsakanin Hz 80 da 300, ka tsaya inda ya daina ƙara kuma yana amsawa sumul. Mai waya 4 a ba shi adadin takin da zai kai shi ƙarshe, don ya san gida duk lokacin da aka buɗe makulli. Ɗaga ko sauke lambar har inji ya zauna wajen 800.

Sai mai. A teburin VE, wato teburin manhaja da ƙwaƙwalwa ke lissafa yawan mai da shi, gidajen da ke kewaye da ralanti, daga juyi 600 zuwa 1000, kPa 30 zuwa 45, su zama kusan daidai da juna, ba tudu ba kwari. Nemi awon iska da mai tsakanin 14 da 14.7, wato kashin iska a kan kashi 1 na mai. Tsohon inji da ya ɗan ci yakan fi natsuwa a 14 ko ƙasa kaɗan. Ba shi abin da yake so.

Sai taimin, kuma shi ne sirrin ralanti mai kyau. Bawul yana da nauyin jiki, sai ya motsa, iska ta cika manifol, sannan inji ya ji. Taimin kuwa a tartsatsi na gaba yake aiki. Ajiye shi tsakanin digiri 10 da 14 a ralanti, ƙasa da inda inji ya fi ƙarfi, don a bar masa abin ƙari. Sannan a teburin gyaran taimin ralanti: in juyi ya faɗi da 100, a ƙara digiri 4, in ya haura da 100, a rage 4, a daidai manufa, sifili. Da wannan kaɗai za ka ga allura ta kwanta.

Yanzu cika teburin bawul bisa zafi. Wannan ba ya yiwuwa rana ɗaya, don sau ɗaya inji ke sanyi a yini. Mota ta kwana a gareji, ka tada da asuba kana rubuta lambar da ta ba da 1200 a digiri 25 ko 30, da 1000 a 50, da 800 a 80. In da bazara ka yi aikin, gidajen ƙasa da digiri 20 kintace ne. Ƙara musu buɗi kaɗan, ka ce wa mai mota ya dawo a Disamba ko Janairu a ƙarasa.

Sai bayan duk wannan za ka kunna tsarin rufaffe, wanda ƙwaƙwalwa ke bin allura da kanta. Lambobi 3 da ke tsara yadda take gyara bawul, P, I da D, a sa su haka: P ƙarami, I ƙarami, D sifili. Ƙara P kaɗan-kaɗan har allura ta fara lilo, ka rage kusan rabi. Ƙara I har inji ya riƙa komawa manufa cikin daƙiƙa 2 ko 3. Shigar da wayar kilim cikin ƙwaƙwalwa don ta buɗe bawul kafin kwamfireso ya kama, ka ɗaga manufa da 100. Yankan mai na gangara kuma a sa shi ya mayar da mai tun wajen 1400, don kada inji ya zarce ya mutu in an taka kuloci.

Mataki na 13: Gwaji

Inji na ralanti, kunna manyan fitilu, kilim, ka murɗa sitiyari har ƙarshe. Allura ta ɗan nutse ta dawo, kada ta wuce ƙasa da 600. In awon mai yana sauyawa da ka kunna fitilu, teburin jinkirin injektar bisa ƙarfin batir ne bai daidaita ba. Taka zuwa 3000 ka saki gaba ɗaya sau 10. Fita ka zaga cikin cunkoson kasuwa da tsakar rana, kwamfuta na ɗaukar bayani, wani na tuƙi kai kana kallo.

Gwajin da ya fi muhimmanci a garinmu shi ne na ƙarshe: kashe inji da zafinsa a cikin rana, ka jira minti 15, ka tada. A wannan tsayuwa sansar zafin iska na shan zafin ƙarfe har ta nuna digiri 70 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta rage mai, inji ya tashi yana tangaɗi. In haka ta faru, mayar da sansar cikin tiyon roba nesa da kan inji, ka sassauta ragin da tebur ke yi sama da digiri 50, ka ɗan ƙara man bayan tadawa a gidajen zafi.

Ajiye saitin a kwamfutarka da kwanan wata, ka tura wa mai mota kwafi a wayarsa, ka liƙa zanen wayoyin da ka yi a cikin marfin akwatin. Tsohuwar ƙwaƙwalwar, in tana tadawa ko da da tangaɗi ne, a naɗe ta a leda a sa a but.